Harafin da Na Goge a Matamaye

Tun ranar da muka dawo daga Damagaram ban huta ba. Wanda ya kawo takarda in buga masa sai ya tambaye ni, wanda ya zo ɗaukar hoton fasfo sai ya tambaye ni, 'yan majalisarmu ta bakin shago kuwa sun sa ni gaba: "Mu'azu, yaya ka baro mutanen Faransa?" Ni kuma kullum labarin burodi da kilishi nake ba su, in yi dariya, in sako wata magana. Yau na ga gara in zauna in rubuta duka, har da wurin da nake tsallakewa, don wurin nan shi ne labarin.

Ni ba mai zurfin karatu ba ne. Sakandare na gama, na yi kwas ɗin kwamfuta na wata shida, na buɗe shagon buga takardu a nan Daura. Nafi'u ɗan kawuna ne, tela ne a Zango. Taubasai muke, kowa na cewa ɗaya bawansa ne. Shi yana kirana Injiniya don tsokana, ni ina kiransa Tela don in tuna masa matsayinsa. Ni na fara nuna masa yadda ake rubuta wa na'ura umarni, wata rana da ya kawo mini ɗinki ya tarar ina gwadawa. Kafin shekara biyu ya wuce ni, alhali ko kwamfuta ba shi da ita. A waya yake komai, wata waya mai tsagaggen gilashi, da manyan yatsunsa biyu, tsakanin wannan riga da waccan.

Shi ya ƙirƙiro wata manhaja ta makiyaya. Mutum ya buɗe ta ko babu sabis, ya ga alamomin bauru da kirci da ciwon huhu da Hausa, ya kuma rubuta ranar da aka yi wa dabba allura. Ta intanet ya haɗu da wata Rakiya ta Damagaram, ita ma mai irin wannan sana'a, suka ci gaba tare. Daga baya wata ƙungiyar masu duba lafiyar dabbobi ta can ta ce ya zo ya nuna musu. In sun gamsu, za su damƙa masa riƙon aikin na shekara guda. Ga tela mai jiran ɗinkin Salla, wannan ba ƙaramar ƙofa ba ce.

Dole in bayyana abu ɗaya, in ba haka ba ba za a gane laifina ba. Masu irin wannan aiki suna ajiye rubutunsu a wani wuri ɗaya a intanet. Sunan tsarin git, amma mu rumbu muke ce masa. Kowa ya jawo daga rumbu zuwa wayarsa, ya yi gyara, ya rubuta ɗan bayani, ya tura. Rumbun ba ya mantuwa. Kowane layi yana ɗauke da sunan wanda ya taɓa shi a ƙarshe. Asalin aikin muna ce masa uwa. Ƙa'ida ita ce ka yi gyaranka a gefe, a reshe, wani ya duba, sannan a haɗa da uwa. Mai makulli ne kaɗai ke iya zubawa cikin uwa kai tsaye. Nafi'u na da makulli, Rakiya na da shi, ni ma ya ba ni, don zumunci kawai. Abin da na yi a aikin duka bai wuce buga jerin sunayen cututtuka ba. In na buɗe rumbun sai in ga Nafi'u, Nafi'u, Rakiya, Nafi'u, sai can ƙasa Mu'azu ɗaya kamar ɓataccen ɗan akuya. Ba na son buɗewa, kuma kullum sai na buɗe.

Ranar Talata da safe muka haɗu a tasha. Na zo da jakar kwamfutata a kafaɗa, da takalmi sau ciki. Shi kuwa leda ya riƙo mai kaya kala biyu da caja.

"Injiniya, ofis ɗin gaba ɗaya ka ɗauko? Ina janareto?"

"Wani ya je da kamala dai. Kar a ce daga Nijeriya an turo mai facin wando."

Muka shiga motar Mai'Aduwa, mutum biyu gaba, huɗu baya, buhun barkono a but yana sa mu atishawa. Har muka isa Kongolam kansa na kan waya. Mota na faɗawa rami, yatsunsa ba sa kuskure. Na riƙa satar kallonsa.

A kan iyaka aka fara rage mini tsawo. Jami'in da ya duba kayanmu ya ce in nuna takardar sayen kwamfutar. Ni da na sayi ta hannu tun shekaru, ina na ga takarda? Bai tsananta ba, ya ce ko in kawo, ko in bar ta. Haka na koma na ba wani mai shagon atamfa ajiya, wanda ya san mahaifina. Nafi'u kuwa aka dubi ledarsa aka ce ya wuce.

"Ka gani ko?" in ji shi. "Nawa ofishin a aljihu yake. Kawo wayarka, bawan Allah, in mai da kai mutum."

A gindin wata bedi a Ɗan Barto, ƙauyen farko na tsallake, ya karɓi wayata. Ya sa mini manhajar aiki da rumbu, ya kwafo saitin wayarsa ya zuba a tawa don kar mu ɓata lokaci, ya nuna mini wurin jawowa da wurin turawa. Ya sayi layin waya na can, ya raba mini intanet. Ko godiya ban yi ba. Na ce ai duk na sani.

Daga nan abubuwa suka fara canja suna. Ɗan acaɓa ya zama ɗan kabukabu. Sabis ya zama rezo. Shingen hanya ba buhunan yashi ba ne, igiya ce ake ɗagawa, jandarma ya karɓi katinan kowa ya tafi da su rumfa, sai ka bi shi a kira sunanka kamar a aji. Wani dattijo da ke kusa da ni ya ji Hausata ya ce, "Ɗan Najeriya ne? Ku kam komai naku da sauri, har gaisuwa." Ya riƙe hannuna ya tambayi gida, da yara, da dabbobi, da ruwa, da gajiya, ya sake komowa kan gida.

A Matamaye muka sauka jiran motar Damagaram ta cika. Muka ci shinkafa da wake da wani yaji da ya sa ni hawaye. Muna ci Rakiya ta kira. Na ji tana gaya masa cewa gobe za a haska rumbun a bango, mutane su ga tarihin aikin da wanda ya rubuta kowane sashe, don dattawan suna son sanin hannun da za su ba amana. Abincin ya fita raina. Na hango bango guda cike da sunan Tela, ni kuma ina zaune da takalmi sau ciki.

Da aka kira azahar ya tafi masallaci, ya bar mini wayarsa a caji. Na ce zan biyo shi. Ban bi shi ba.

Akwai harafi ɗaya da muka bambanta da mutanen Nijar. Mu muna rubuta 'ya'ya da ɗan ɗigo mai wutsiya a sama kafin y. Su kuwa harafi guda gare su mai lanƙwasa, ƴ, suna rubuta ƴaƴa. Nafi'u da Rakiya sun daidaita a kan na Nijar, manhajar kuma cike take da shi: ƴan maruƙa, ƴar akuya, ƴan tumaki, layi bayan layi. Na taɓa yi masa ƙorafi, ya fara ba ni dalili, na katse shi na ce ni ne mai buga takardu, ba shi ba. To a kan bencin nan na tasha Shaiɗan ya zauna kusa da ni. Na ce in na musanya harafin nan ko'ina da umarni guda, duk layin da yake ciki zai koma sunana. Ban ƙara komai ba, ban rage komai ba, amma gobe bango zai cika da Mu'azu.

Na yi. Fuskar wayata ƙarama ce, ba ta nuna mini abin da ya canja sai layi huɗu ko biyar, ban kuma damu in ja ƙasa ba. Ban buɗe reshe ba. A wurin bayani na rubuta: "Na gyara rubutu zuwa Hausa ta daidai." Na tura cikin uwa. Sannan na je na yi alwala na yi salla, kamar mutumin kirki.

Da la'asar muka shiga Damagaram. Gari ne mai manyan duwatsu a tsakiyar gidaje, kamar an ajiye su za a dawo a ɗauka. Rakiya ta tare mu a tasha tare da kawunta, wani dattijo dogo mai farin tabarau. Ta ce, "Ga Mushe Isuhu, a gidansa za ku sauka." Na zaro ido. Nafi'u ya taka mini ƙafa. Dattijon ya yi dariya ya ce, "Kar ka ji tsoro, ɗana, da raina. Haka ake ce wa malamin lakkwal, wato makarantar boko, a nan." Shekara da shekaru ya yi yana koya wa manya karatun Hausa a ƙauyuka, yanzu shi ne babba a kwamitin ƙungiyar.

Masauki ba mu da abin cewa. Ɗaki a zaure, tabarma da katifa, randa mai sanyi. Aka kawo dambun zogale, aka kawo kilishi wanda ban taɓa cin irinsa ba, da burodinsu dogo mai tauri kamar sandar makiyayi. Aka dafa shayi zagaye uku, na sha na farko na miƙe, aka ce in zauna, ba a tashi sai an sha na uku. Duk hirar kan Nafi'u take komawa. "Da waya kawai?" "Wallahi da waya." Mushe Isuhu ya karɓi wayar ya juya ta kamar mai duba ƙwai.

Na ga dole in nuna tawa bajintar. Kwamfutar Rakiya na ajiye a gefe, na ce a ba ni in buga musu jadawalin gobe, ni ba na duban madannai. Na ɗaga kai sama na saki yatsu. Da na duba, ko kalma ɗaya ba ta karantuwa. Ashe madannansu na Faransanci ne, inda na san harafin a yake su q suka sa, harafin m ma ya yi hijira. Rakiya ta rufe baki da mayafi. Nafi'u ya kwanta a tabarma don dariya.

"Injiniya, wannan wane yare ne? Buzanci?"

Na yi yaƙe. A raina na ce, gobe ma rana ce.

Washegari da hantsi aka taru a wani aji, mutum kamar ashirin, masu allurar dabbobi da wakilan makiyaya da rawunansu. Rakiya ta jawo sabon abin da ke cikin uwa, ta haska a bango, ta buɗe manhajar. Fari fat. Ta rufe ta sake buɗewa. Fari fat. Wani ya ce ko rezo ne. Nafi'u ya ce manhajar ba ruwanta da rezo.

Sai daga baya na fahimci abin da ya so gaya mini ranar da na katse shi. A rubutun na'ura, duk maganar da za ta fito a fuskar waya ana rufe ta ne tsakanin 'yan ɗigo biyu na sama, ɗaya ƙofar shiga, ɗaya ta fita. Irin ɗigon nan ne muke sa wa a gaban y. Duk inda na zuba shi, na'ura ta ɗauka magana ta ƙare a tsakiyar kalma, sai ta rikice ta tsaya. Harafin Nijar ba ya faɗa da na'ura. Dalilin ke nan.

Rakiya ta buɗe tarihin rumbun a gaban kowa. Na shirya jin kunya. Sai ga shi a saman bango da manyan baƙaƙe: Nafi'u. Jiya da azahar. Saitin da ya kwafa mini a Ɗan Barto har da sunansa a ciki. Layukan da na so su zama nawa, duk sunansa suka ƙara ɗauka, har da waɗanda Rakiya ta rubuta.

Mushe Isuhu ya gyara tabarau ya karanta a bayyane, a hankali, kamar mai yi wa ɗalibai shifta: "Na gyara rubutu zuwa Hausa ta daidai." Ya juyo. "Malam Nafi'u, ashe tamu ba ta daidai ba ce? Shekara talatin ina koya wa mutane karkatacciya?"

Nafi'u ya dubi bango. Waya biyu ce a duniya ke ɗauke da sunansa, ya sani, na sani. Ya juyo ya dube ni, kallo ɗaya, ba harara. Wallahi bakina ya buɗe. Amma ga gaskiyar da ta fi komai nauyi a wannan labari: da na ga fuskokin da jiya ke yaba shi sun ɗaure, wani sanyi ya ratsa ni. Daɗi na ji. Na sunkuyar da kai ina gyara igiyar takalmin da ba shi da igiya.

Ya miƙe ya ce, "Baba, daga wajenmu kuskuren ya fito. A gafarce mu. Ba raini ba ne."

Yana tsaye ya ciro wayar, ya warware turawar jiya da umarni ɗaya, ya tura. Rakiya ta jawo, manhajar ta buɗe, ga hoton saniya, ga ƴan maruƙa da harafinsu. Ko minti biyar ba a yi ba. Wani Bafulatani ya ce, "Kai, yaron nan da aljani a yatsa." Ko a nan sai da na ji haushi.

Sauran nunin ya tafi lafiya, amma magana ta riga ta faɗi ƙasa. Bayan azahar kwamiti ya shiga, ya fito da takarda. Sun yarda da manhajar. Shekara kuwa ta koma wata uku na gwaji. Makullin uwa an karɓe daga hannun duk wanda ke tsallaken iyaka, ya zauna wurin Rakiya ita kaɗai. Mutumin da ya gina abu da yatsunsa, yanzu sai ya nemi izini kafin ya sa bulo ɗaya. Mushe Isuhu ya ce, "Gwani ne, ba musu. Amma wanda zai canja wa mutane harafi ana gobe taro, bai shawarci kowa ba, sai an ƙara duba shi."

Yinin nan Nafi'u bai ce mini komai ba a kan maganar. Ya miƙo mini kwano, ya tambaye ni ko wayata na da caji. Da ya zage ni da na samu sauƙi.

Da safe, bayan karin kumallo, ya fita sallama da Rakiya. Na sami Mushe Isuhu a zaure yana hura gawayin shayi. Na durƙusa na faɗa masa komai, tun daga bencin Matamaye. Ban ce kuskure ba ne. Na ce hassada ce. Ya daɗe yana fifita wuta.

"Me ya hana ka faɗa jiya, da mutane ke zaune?"

"Na ji daɗin ganin an kunyata shi, Baba."

Ya dube ni ta saman tabarau. "To ka dai faɗi gaskiya, ko da ta kwana. Amma waɗanda suka ji ta jiya sun watse, wasu sun kama hanyar ruga tun asuba. Takarda kuma mutum bakwai suka sa hannu, ba ni kaɗai ba. Zan gaya musu in mun sake zama bayan damina. Kafin nan, abin da aka rubuta ya zauna." Ya zuba shayi ya miƙo mini. "Sha. Yaron nan ya rufa maka asiri da rigarsa, ya tsaya tsirara. Ka san wannan?"

Na ce na sani.

Dawowa ba ni da abin ba da labari. Igiyoyin nan dai, da katinan nan. A Kongolam na karɓi kwamfutata, na ji ta yi mini nauyi. Sai da muka zauna a motar Daura na iya buɗe baki, na ce wa Nafi'u na gaya wa dattijon, na ce ya yafe mini.

Ya daɗe yana kallon gonaki. Sannan ya ce, "Da ka ce mini sunanka kake so a bango, da na ba ka sabon sashen allura gaba ɗaya ka rubuta. Wata biyu ina neman mai yi. Na ji nauyin tambayarka ne, kar ka ce Tela na ba ka aiki."



"Na yafe," in ji shi. "Amma kar mahaifiyarka, Gwaggo, ta ji. Kuma kawo wayar nan in cire sunana, kafin ka je ka ci bashin goro da shi."

Ya cire, ya sa nawa. A tasha ya hau babur ɗin Zango, ya ce in ina so in fara sashen allurar, a reshe, shi zai duba kafin ya miƙa wa Rakiya.

Mako biyu na yi a kansa. Shekaranjiya na tura. Jiya da hantsi ya dawo mini da shi da gyara uku, ya rubuta su cikin ladabi, ba tsokana ko ɗaya. Na karanta na farko, daidai ne. Na biyu, daidai ne. Na uku ma haka. Ga mutumin da na jawo wa asarar wata tara da makullin aikinsa, yana zaune a kan keken ɗinki yana gyara mini rubutu, ni kuma hassadar nan ta sake taso mini, yadda take tasowa tun farko. Har haƙurin nasa na yi wa ƙyashi.

Na rufe shago, na je na yi alwala, na dawo na gyara duka ukun.